Mai Janwe a Hanyar Samokov

Ƙarfe huɗu na asuba, a gindin dutsen Rila,
sanyi na cizon yatsu ta cikin safar hannu,
na durƙusa ina ƙirga sarƙa.
Huɗu a tayoyi, biyu a ƙirjin mota,
sai ƙugiya ɗaya da raina bai kwanta da ita ba tun jiya.
Na canza ta. Ba wanda ya gani.

Motar ja ce, tsohuwa, an goge ta kamar za a kai kasuwa,
amma yau ba za ta taka kwalta ba.
Tana zaune bisa tirela mai gajerun ƙafafu,
fitilu sun kewaye ta, kyamara na leƙen tagarta,
mutum shida a tsaye, kowa ɗaure da bel,
ni kuma a gaba, cikin janwe,
duk nauyinsu a wuyana.

Ralitsa ta iso da bargo a kafaɗa.
A fim, ita ce matar da ta bar gari kafin gari ya waye,
ta take totur, ba waiwaye.
A zahiri ko lasin ba ta da shi.
Ranar farko ta raɗa mini tana dariya:
"Lyuben, wanne ne birki?"
Na ce, "Ni ne."

Oba-oba ta yi tari, darakta Zdravko ya ce a tafi.
Ɗan sanda ya tare sama, wani ya tare ƙasa.
Arba'in a awa, kada ta ƙaru, kada ta ragu.
Kofin shayi na gaban sitiyari, cike har baki,
shi ne alƙalina:
in ya zube, na ɓata wa mutane aiki.

Numfashinta na cikin kunnena.
Tana murza sitiyarin da ba ya juya komai,
tana faɗa wa kujerar da ba kowa
maganar da ta shekara goma a maƙogwaro.
Idonta ya cika, ba ya kan hanya,
an yafe mata wannan.
Nawa ne ba su da izinin ƙiftawa.

A zagaye na bakwai, bayan kwanar gada,
tumaki.
An tare motoci, wa ya tare daji?
Suka gangaro kamar an zazzage buhun auduga,
makiyayi can baya, karensa ma ya makara.
Ƙafata ta so ta danne birki gaba ɗaya.
Na tuna mutum shida a tsaye, da ƙarafan fitila,
sai na taɓa shi sannu, kamar mai tashin majinyaci.
Tirela ta ingizo ni, na riƙe,
ta sake ingizowa, na lallashe ta,
na lallashe ta,
muka tsaya.
Taku uku tsakanina da tunkiyar farko.
Ta dube ni tana tuƙa.
Na ce, ashe mu biyu ne a sana'ar.

Shayi ya ɗiga a gwiwata, cokali guda.
Ralitsa ba ta san an yi ba,
ta kai kukanta har gaɓa.
Zdravko ya yi shiru, sannan ya ce a bar ta haka:
motar ta tsaya daidai inda muryarta ta karye.
Ban ce masa komai ba. Na fita na sake ƙirga sarƙa,
hannuna na rawa, na ɗora wa sanyi laifi.

Da fim ya fito na kai Yordanka silima a Sofiya.
Sunana ya zo bayan na masu dafa abinci,
an riga an kunna wuta, ana neman riguna.
A taragon komawa gida ta ce, "To kai kana ina?"
Na ce, "Kin tuna itatuwan da ke wucewa ta bayan kanta,
ɗaya bayan ɗaya, ba gargada?"
Ta ce ita fuskar yarinyar take kallo.
Na ce, "Madalla."
Ƙarfe huɗu gobe akwai wata motar, shuɗiya.